Sharif Abubakar Siddiƙu na Tambutu, Bawa a Birnin Kingston

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, filin na wannan mako zai kawo tarihin wani bawan Allah wanda mutane suka mayar bawansu har kusan shekara 30 a wani tsibiri mai nisa, aka raba shi da uwa da dangi da tufafin jikinsa, har da sunan da aka raɗa masa, amma aka kasa raba shi da karatun da ya yi yana yaro. Sunansa Abubakar Siddiƙu, haifaffen Tambutu, wanda Turawan Jamaika suka sani da suna Edward Donlan. Yana daga cikin 'yan ƙalilan ɗin bayin wancan zamani da suka rubuta tarihin kansu da hannunsu, da harshen Larabci, kuma ya rubuta shi ne a birnin Kingston cikin shekarar 1834, watau shekarar da Ingila ta fara kwance bauta a ƙasashen da take mulki.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Abubakar a Tambutu wajen shekarar 1790, aka rene shi a Jenne, birnin da ke cikin ƙasar Mali ta yau. Gidansu gidan sharifai ne, gidan ilimi da fatauci. Mahaifinsa, Kara Musa, malamin tafsiri ne kuma attajirin zinariya. Kakansa Umaru kuwa yana daga cikin masu riƙe da mulki a Tambutu da Jenne. Ta wajen uwa, Abubakar jikan Alhaji Muhammadu Tafsir ne, mutumin Barno da Katsina. Sunan mahaifiyarsa na yanka Hafsatu, amma Abubakar da kansa ya rubuta cewa da harshen Hausa ana kiranta Nagode. Ashe ke nan wannan bawa na Kingston yana da jini a ƙasar Hausa, kuma shekara 30 ta bauta ba ta mantar da shi laƙabin mahaifiyarsa ba.

Kara Musa ya yi tafiye-tafiye na fatauci, daga bisani ya zauna a Buna, wani gari da ke arewa maso gabashin ƙasar Kwaddibuwa ta yau, inda ake samun zinariya. Daga can yakan aika wa surukinsa da kyautar zinariya da dawaki da alfadarai da tufafin alharini na Masar. A Buna ajali ya same shi, Abubakar yana ƙaramin yaro. Da yaron ya ɗan tasa sai aka kai shi Buna don ya ziyarci kabarin mahaifinsa, ya kuwa zauna can yana karatu.

Buna a wancan zamani gari ne na malamai. Abubakar ya lissafa sunayensu a cikin tarihinsa, ya nuna cewa sun taru ne daga ƙasashe dabam-dabam, wani daga Futa Jalo, wani daga Futa Toro, duk suna karantarwa ƙarƙashin shugabancin Abdullahi ɗan Alhaji Muhammadu Watarawi. A hannun waɗannan ya karanci Alƙur'ani, ya iya rubutu, ya san farillai da sunnoni. Bai kai ga zurfafa cikin manyan littattafai ba, domin shekarunsa ba su wuce 15 ba sa'ad da yaƙi ya katse masa karatu.

Yaƙi da kamu

Wajen shekarar 1805, watau jim kaɗan bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804, sai Adinkira, sarkin Gyaman mai mulkin Bonduku, ya kawo wa Buna yaƙi, ya ci garin. A ranar aka kama Abubakar. Aka yage masa riga, aka ɗaure shi da igiya, aka ɗora masa kaya mai nauyi. Ya yi ta dako daga Buna zuwa Bonduku, garin da fataken goro na ƙasar Hausa suka daɗe da sani, daga nan zuwa Kumasi birnin Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, sa'an nan ya ratsa ƙasar Fante har wani gari da ake kira Lago a bakin teku. A nan aka sayar da shi ga Turawa. Jirgin ya yi wata uku a kan ruwa kafin ya isa Jamaika. Da a ce yaƙin ya jinkirta da shekara uku, da wuya jirgin Ingila ya ɗauke shi, domin a 1807 Majalisar Ingila ta haramta wa jiragenta fataucin bayi.

Ya kamata a tsaya a nan a dubi al'amarin ta fuskar shari'a. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi wanda ya lissafa mutum uku da Allah zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Haka kuma Shehu Ahmad Baba, babban malamin Tambutu wanda ya rasu a 1627, ya rubuta fatawa mai suna Mi'irajus Su'udi, inda ya bayyana cewa baƙar fata ba ta cikin dalilan bauta, ya kuma ambaci mutanen Barno da Kano da Katsina cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Abubakar ɗan garin mai fatawar ne, jikan Barno da Katsina, amma duk wannan bai hana a sayar da shi ba. Kuma gaskiya ba ta ƙyale a ɗora laifin duka a kan Turawa: hannun Afirka ne ya ɗaure shi, ya kai shi bakin teku. Har ma tarihin da ya rubuta ya nuna cewa mahaifinsa yana da bayi masu haƙa masa zinariya a Buna. Tsarin da ya ciyar da gidansu shi ne ya juyo ya cinye ɗansu.

Birnin Kingston

Jamaika tsibiri ne a tekun Karebiyan, wanda Ingila ta ƙwace daga hannun Sifaniyawa a 1655, ta mayar da shi gonar rake. Arzikin tsibirin duka a kan sukari yake, sukarin kuwa a kan gumin bayi. A 1834 bayin Jamaika sun haura 300,000. An kafa Kingston a 1692 bayan girgizar ƙasa ta halaka garin Port Royal, ya kuwa zama babbar tashar jiragen ruwa ta tsibirin, inda ake sauke bayi ana loda sukari, ko da yake fadar gwamna tana Spanish Town har 1872.

Turawa su ne marasa yawa a Kingston. Mafi yawan mazauna birnin baƙaƙe ne da ruwa-biyu, wasu bayi, wasu 'yantattu. Bayin birnin sun fi 10,000, kuma zamansu ya bambanta da na bayin gona. Su ne 'yan dako a bakin jirgi, su ne magina da kafintoci da maƙera da masunta, matansu su ne masu wanki da dafuwa da talla. Da yawansu suna cikin wani tsari mai kama da murgu na ƙasar Hausa: bawa ya fita ya nemi aiki da kansa, ya kawo wa ubangijinsa abin da aka yanka masa a mako, saura ya zama nasa. Ran Lahadi kuwa kasuwa takan cika da bayin ƙauye masu kawo doya da ayaba da kaji daga 'yan gonakinsu. Ta haka waɗansu suka tara abin da suka fanshi kansu. Amma kada mai karatu ya ɗauka sauƙi ne. Bawan birni ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da na gona, ana yi masa bulala, ana kai shi gidan horo a sa shi aikin titi da sarƙa, kuma har kusa da ƙarshen zamanin bauta kotu ba ta karɓar shaidarsa a kan Bature.

Abubakar ya wuce ta hannun iyayengiji uku. Na farko magini ne mai suna Donellan. Na biyu, Haynes, a hannunsa aka yi masa baftisma aka sa masa suna Edward. A 1823 sai Alexander Anderson ya saye shi, ya sa shi tsaron sito. A nan karatun Buna ya fara fitowa fili. Abubakar bai koyi rubutun boko ba, saboda haka sai ya riƙa rubuta lissafin shiga da fitar kaya da Ingilishin da bayi ke yi, amma da haruffan Larabci. Watau ajami ya yi wa Ingilishi, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka yi wa harshensu. Lissafinsa bai taɓa ba da kunya ba, har ubangijinsa ya dogara da shi ƙwarai.

Shekarar 1834

A ƙarshen 1831 bayin yammacin Jamaika suka yi babban tawaye ƙarƙashin Samuel Sharpe. Aka murƙushe su, kotuna suka yanke wa fiye da mutum 300 hukuncin kisa, aka rataye Sharpe a 1832. A Kingston ma an gurfanar da Edward Jordon, wani ɗan ruwa-biyu mai jaridar Watchman, saboda rubutunsa na adawa da bauta, amma kotu ta sallame shi. Wannan tawaye ya nuna wa Ingila cewa tsarin ba zai ɗore ba, sai Majalisa ta zartar da dokar soke bauta a 1833, ta fara aiki ran 1 ga Agusta 1834.

Sai dai dokar ta zo da ƙulli. Yara 'yan ƙasa da shekara 6 su kaɗai aka 'yanta nan take. Sauran aka ce sun zama masu koyon aiki: ma'aikatan gona su yi shekara 6, waɗanda ba na gona ba su yi 4, suna yi wa tsofaffin iyayengijinsu aikin awa 40 da rabi kowane mako ba lada. Mutumin da ya tsufa yana saran rake aka ce ya dawo ya koyi saran rake. Aka ware fam miliyan 20 don biyan diyya, fiye da miliyan 6 daga ciki ta tafi ga masu bayin Jamaika; su bayin kuwa ko anini ba a ba su ba. Don lura da wannan tsari aka naɗa majistare na musamman, waɗanda gwamnatin Ingila ke biya.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Dokta Richard Robert Madden, likita mutumin Ailan, wanda ya taɓa yawo a Turkiyya da Masar da Falasɗinu, ya san Larabci gwargwado. Wata rana aka kawo masa waɗansu masu koyon aiki a ofishinsa na Kingston don ya rantsar da su a matsayin 'yan doka na gidan Anderson. Da aka zo sa hannu, sai ya ga ɗayansu ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa daga dama zuwa hagu da kyakkyawan rubutun Larabci, kuma sunan da ya rubuta Abubakar Siddiƙu ne. Madden ya kira shi gida ya tambaye shi labarinsa, ya nemi ya rubuta masa shi.

Daga nan Madden ya tafi wurin Anderson da niyyar fansarsa. Da fari Anderson ya ƙi, yana ganin ba kuɗin da zai maye masa gurbin wannan mutum. Daga baya zuciyarsa ta yi laushi, ya zo ofishin majistare ya sa hannu a takardar 'yanci ba tare da ya karɓi kome ba, a gaban taron jama'a baƙi da fari. Mutanen birnin suka tara wa Abubakar gudummawar fam 20. Adalci ya wajabta a yaba wa Madden da Anderson a kan wannan, domin Suratul Baladi ta sa 'yanta wuya cikin ayyukan hawan tudu mai wuya, kuma alheri alheri ne ko daga hannun wa ya fito. Amma adalcin nan kuma ya wajabta a tuna cewa Anderson ya ci gumin mutumin shekara 11, kuma abin da ya yafe ragowar wa'adi ne kawai. Shi Madden bai daɗe ba. Masu bayi suka tsane shi, har aka kai masa hari a titin Kingston, ya ajiye aiki kafin shekarar ta ƙare. A 1835 ya buga littafi kan zamansa a Jamaika, a ciki ya sa fassarar tarihin Abubakar.

Imani a ɓoye

Tarihin gajere ne, amma ƙarshensa ya isa abin tunani. Bayan Abubakar ya kawo nasabarsa da malamansa da yadda aka kama shi, sai ya lissafa addinin iyayensa ɗaya bayan ɗaya: salloli biyar, azumin Ramadan, zakka, hajji ga mai iko, nisantar giya da naman da ba a yanka ba, girmama iyaye, cika alkawari, koya wa yara karatu. Sa'an nan ya juya kan kansa, ya yi ikirarin cewa tun ranar da ya shiga bauta ya kasa tsare waɗannan yadda ya kamata, ya ɗauki kansa mai yawan zunubi, ya roƙi Allah gafara da shiriya. Kamun da aka yi masa kuwa ya mayar da shi ga ƙaddarar Allah, wadda ba mai iya tunkuɗe ta.

Wani zai ce, to, ina hukuncin baftismar da aka yi masa? Amsa tana cikin aya ta 106 ta Suratun Nahli, wadda ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani, ayar da malaman tafsiri suka ce ta sauka ne a kan Ammaru ɗan Yasir. Bawan da ba shi da iko da jikinsa ba shi da iko ya ƙi ruwan da ubangijinsa ya sa a zuba masa. Abin da ke zuci Allah ne masaninsa, amma alama ta bayyana: ranar da aka miƙa masa alƙalami a gaban hukuma, sunan Musulunci ya rubuta.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Madden ya sadu da waɗansu Musulmi a Kingston masu ɗauke da sunayen Turawa, cikinsu har da Anna Musa, wanda aka sani da Benjamin Cochrane, mai ba mutane magani. A gundumar Manchester kuma akwai wani dattijo, Muhammadu Kaba, mutumin wajen Futa Jalo, wanda ya yi fiye da shekara 50 a tsibirin. A fili ɗan coci ne, a ɓoye kuwa ya rubuta littafi da Larabci kan salla da hukunce-hukunce. Lokacin tawayen 1831 matarsa ta lalata wata takarda ta Larabci da yake ajiye da ita, don tsoron kada a same ta a hannunsa. A 1834 Kaba da Abubakar suka yi musayar wasiƙu da Larabci, Abubakar ya sanar da shi labarin 'yancinsa, ya roƙe shi addu'a ga wanda ya zama sanadi. Haka jama'ar Musulmin Jamaika take a lokacin: ba masallaci, ba makaranta, ba littafi, sai abin da ƙirji ya haddace da abin da alƙalami ya iya sacewa.

Sauran masu koyon aiki ba su sami abin da Abubakar ya samu ba. A shekarun nan aka cika gidajen horo da wani babban gangan katako mai matakai, a ɗaure hannun mutum sama a sa shi ya yi ta takawa yana juyawa, in ya gaji katakon ya dinga bugun ƙwaurinsa. Maza da mata duk an yi musu. Da labarin ya kai Ingila jama'a suka tayar da ƙura, aka yanke wa'adin, kowa ya sami cikakken 'yanci ran 1 ga Agusta 1838. Waɗansu suka sayi 'yan filaye suka kafa ƙauyukan kansu, waɗansu suka gangaro Kingston neman aikin lada. Musuluncin da bayi suka zo da shi kuwa ya dushe da mutuwar tsofaffin, domin ba su sami damar karantar da 'ya'yansu ba.

Hanyar gida

Abubakar bai jira 1838 ba. A 1835 aka kai shi Ingila, inda ya sake rubuta tarihinsa tare da bayanin hanyoyin fatauci da ya sani, wani malamin Larabci mai suna Renouard ya fassara, aka buga a mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan a 1836. A wannan lokaci wani likita Baturen Ingila, John Davidson, yana shirin zuwa Tambutu ta hanyar Maroko, sai ya ɗauki Abubakar ya zama abokin tafiya. Ga mutumin da ya bar gida yana ɗan shekara 15, wannan ita ce ƙofar da ya daɗe yana jira.

A Maroko Davidson ya sami fatake waɗanda suka san gidan su Abubakar, suka tabbatar da cewa abin da ya faɗa game da asalinsa gaskiya ne, kuma danginsa suna da matsayi a Tambutu. Suka daɗe a Wadi Nun, a bakin Sahara, suna jiran ayari. A ƙarshen 1836 suka shiga hamada, kuma cikin watan Disamba mahara suka kashe Davidson. A 1841 labari ya iso Turai cewa wani mai suna Abubakar Siddiƙu ya isa Jenne. Jenne ɗin da ya bari yana yaro ta riga ta shiga ƙarƙashin daular Shehu Ahmadu Lobbo ta Masina, Katsinar kakansa kuma tana ƙarƙashin tutar Sakkwato.

Abin lura

Ranar da Buna ta faɗi, zinariyar Kara Musa ba ta fanshi ɗansa ba, sharifta ba ta kare shi ba, sarautar kakansa ba ta bi shi cikin jirgi ba. Abin da ya ƙetare teku tare da shi shi ne abin da malaman Buna suka zuba masa cikin 'yan shekaru kaɗan. Da shi ya sami sassaucin aiki a gidan Anderson, da shi majistare ya gane shi cikin taro, da shi ya gaisa da ɗan'uwansa Musulmi a wata gunduma, da shi kuma sunan Nagode ya kai ga mai karatu bayan shekara kusan 200. Dubban Musulmi sun sha irin wahalarsa a gonakin rake, sunayensu sun ɓace saboda ba wanda ya rubuta.

Saboda haka uban da ke ganin karatun addini da Larabci abu ne da za a jinkirta sai yaro ya girma, ya dubi cewa Abubakar shekara 15 kawai aka ba shi. Malamin makarantar allo ko Islamiyya da ke ganin aikinsa ba shi da daraja, ya tuna cewa malaman Buna ba su san inda ɗalibinsu zai kai sunayensu ba. Mai iko da wani kuma, ko ɗan aiki ne, ko almajiri, ko 'yar riƙo, ya tuna da dokar 1834, wadda ta sauya wa bauta suna ta bar aikin yadda yake. Allah ba ya duban sunan da aka sa wa zalunci.

Allah ya gafarta wa Abubakar Siddiƙu da Muhammadu Kaba da sauran Musulmin da suka cika cikin bauta, ya karɓi uzurinsu, ya saka wa malamansu da alheri. Allah ya ba al'ummar Musulmi ikon tsare amanar 'ya'yanta da haƙƙin na ƙasa da ita. Amin.